Ku Tambaya Mu Amsa: Kuɗin ƙungiyarmu ta 'yan jarida, daga ina yake shigowa, ina yake tafiya?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk kan abu ɗaya suke, kuɗin ƙungiya, har na fara tunanin ko kun haɗa baki ne. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri dan Allah, wuta ce ke mana wasa a nan Kasala ta ƙasar Sudan, waya kan mutu kafin mutum ya gama karanta saƙo ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye, na mutane da na ƙungiyoyin.

TAMBAYA: Ustaz barka da aiki. Ni 'yar jarida ce a Gadarif, ina gabatar da wani shirin Hausa kuma ina ɗan rubutu a Facebook. Muna da wata 'yar ƙungiya ta 'yan jarida masu jin Hausa, mu kusan 40 ne, wasu a nan wasu Kasala wasu Bor Sudan wasu ma yaƙi ya kora su Masar da Saudiyya. Ishtirakinmu, wato kuɗin da kowane mamba ke biya, jinai 2,000 ne a wata amma wallahi masu biya basu wuce 10 ba. To duk da haka bara an yi warsha, wato taron horarwa, har biyu a otal, da fatur, wato karin kumallo, da ruwan gora da nasriyya, wato ɗan kuɗin da ake ba mahalarta, an buga riguna, shugaba kuma ya je taro Nairobi ya dawo. Da na tambaya a guruf ɗinmu na WhatsApp cewa kuɗin nan daga ina, sai aka ce wai wata munazzama ce, wato ƙungiyar tallafi, ta taimaka, nace wacce kuma nawa ta bayar, kawai sai wani babba a cikinmu ya ce bani da kunya wai ina zargin iyayena da sata, admin ya kulle guruf kwana biyu. Ni fa ban ce an ci ba, tambaya nayi. Laifi nayi ne?

AMSA: 'Yata, ba ki yi laifi ba ko kaɗan. Aikin da kike ci da shi kenan, tambaya, kuma abin dariya ne a ce mutanen da ke tare wali, wato gwamna, da minista da makirfo suna cewa ina kuɗin asibiti ina kuɗin hanya, su ne za su kulle guruf don an tambaye su kuɗin riguna.

Bari mu yi lissafin da ke kika kawo da kanki. Mutum 10 sau 2,000, jinai 20,000 kenan a wata, 240,000 a shekara. Kafin yaƙin nan ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 dala tana wajen jinai 600, cikin 2024 ta haye 2,000 a kasuwa, kin ga kenan ishtirakin shekara guda cur da ƙyar ya wuce dala 100. Ba zai kama zauren otal na yini ɗaya ba balle tikitin Nairobi. To ƙungiyarku ba da kuɗinku take rayuwa ba, da kuɗin wani take rayuwa, kuma duk mamba yana da haƙƙin ya san wane ne wanin nan.

Ƙungiya irin taku hanyoyin samunta ba su da yawa. Akwai ishtiraki, akwai ɗan abin da ake karɓa na kati ko na fom, akwai kyautar masu hannu da shuni da 'yan siyasa da gwamnati, sai kuma munazzamomi masu ba da kuɗin aiki, wato su ce ga kaza ku horar da mutum kaza kan kaza. Wannan na ƙarshen shi ne da alama ya shigo muku. Kuma ki lura, ba lallai an ci komai ba. Sau da yawa masu gayyata taro su ke sayen tikiti su biya otal da kansu, ko sisi baya bi ta hannun shugaba. Amma ga inda maganar take: babu munazzamar da ke sakin kuɗi ba tare da ta karɓi rahoto ba. Sai an kai mata rasit ɗin otal, da takardar da mahalarta suka sa hannu, da sunan duk wanda ya karɓi nasriyya da adadin da ya karɓa, wani lokaci har hoton allon da aka rataya. Ma'ana lissafin nan da kike nema yana nan a rubuce, an riga an tura shi, wani ma'aikaci a Nairobi ko Amsterdam ya karanta ya sa a fayil. To takardar da baƙo ya gani, me zai hana mai gida ya gani? Wannan ita ce tambayar da za ki riƙe, ba "wa ya ci" ba.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru da mu a Madani, shekarun baya, tun ba a san za mu bar garin da 'yan kayanmu a ka saboda yaƙi ba a Disamban 2023. Ni ne sakataren wata 'yar ƙungiya, ma'ajinmu wani dattijo ne mai tsoron Allah, wallahi ko kuɗin shayi baya taɓawa, rasit ɗinsa duk suna cikin gwangwanin tahaniya da ya wanke ya ɗaure da roba. Amma baya son a tambaye shi, tambaya a wurinsa zagi ce. Shekara uku ba a karanta mizaniyya, wato lissafin kuɗi, ba. Ran da aka matsa aka yi jam'iyya umumiyya, wato babban taron mambobi, ƙarƙashin wata bishiyar nim a harabar wani kulob, mai shayi tana gefe tana ta kaɗa gawayi, sai ya miƙe ya ce abin da ya shigo miliyan 300 ne. Wuri ya kaure. Wani yaro da ya taso a Kano bai daɗe da dawowa ba ya miƙe yana rantsuwa an cinye su, miliyan 300 ina motar ƙungiya ina ofis. Ashe dattijon da tsohon lissafi yake magana, jinai 300,000 yake nufi. Kun san halinmu a ƙasar nan, tun da aka canza jinai zuwa dinari a 1992, aka sake dawowa jinai a 2007 aka zubar da sifiri uku daga tsohon kuɗin, bakinmu bai yarda ya canza ba, dubu muna ce mata miliyan, miliyan muna ce mata milyar, wato biliyan. Sai da aka zazzage gwangwanin nan a kan tabarma, mutum uku suka zauna da biro har bayan la'asar, aka tarar jinai 4,000 ne kawai ba su da rasit, su ma ya tuna kuɗin raksha ne, wato keke mai ƙafa uku. Dattijon ya yi kuka ranar, ya ce shekara uku ana kallonsa a ɓarawo bai sani ba. Kuma gaskiya ne ana kallonsa, ni shaida ne, don a wurin mai jabana, wato mai gahawa, an sha yi da shi. Da tun farko duk wata uku yana manna takarda ɗaya da lambobi a rubuce da babu wannan. Shi ya sa nake cewa a rubuta adadi da lamba, da sifirinsa cikakku, kar a faɗa da baki.

Yanzu abin yi. Fara biyan ishtirakinki har na watan da muke ciki, ki ajiye ish'ar ɗin Bankak, wato shaidar biya da manhajar banki ta waya ke bayarwa, don abin da za a fara jifanki da shi kenan. Sannan ki nemi nizam asasi na ƙungiyar, wato kundin tsarin mulkinta, kusan kowanne za ki tarar ya ce a yi jam'iyya umumiyya duk shekara a karanta khiɗabin daura, wato rahoton ayyukan shugabanni, da mizaniyya. Ki samu mutum biyar ko shida masu biya, ku rubuta takarda cikin ladabi ku ba sakatare, ba a guruf ba, guruf kasuwa ce kowa na neman wanda zai burge. Ku ce kuna roƙon a kira taron, ko ta waya ne tunda an warwatse, a kawo abin da ya shigo da sunan wanda ya bayar, da abin da ya fita, da abin da ya rage, a kuma zaɓi mutum biyu da basa cikin shugabanni su duba rasit. Shi kuma babban da ya ce ba ki da kunya, ki kira shi ki gaishe shi, ki ce Baba ni sunanka nake karewa. In mai gaskiya ne zai huce. In kuma bayan duk wannan aka ce sam ba za a buɗe littafi ba, to ruwa baya tsami banza.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikacin rediyo ne daga Mai Wurno, na yi ritaya. Yaran yanzu sun dage sai kuɗin Turawa, ni kuma ina ganin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba gara mu je wurin gwamnatin wilaya, wato jiha, ko attajiranmu na Hausawa ba, ko banza namu ne?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Karin maganarka daidai take, sai dai kuturun ba Bature ne kaɗai ba, kuma kai ka fi ni sanin haka don a gabanka aka yi. Da Umar al-Bashir ya karɓi mulki ran 30 ga Yuni 1989, cikin abubuwan farko da aka yi har da rushe niƙabobi, wato ƙungiyoyin ƙwadago, ta 'yan jarida na ciki. Abin da ya maye gurbinta shi ne ittihadi, wato wata ƙungiyar 'yan jaridar, wanda kowa ya san a jikin gwamnati yake, ta hannunsa ake samun gidajen 'yan jarida da tafiye tafiye, kuma a shekarun da jami'an tsaro ke zuwa maɗaba'a da asuba su kwashe jaridar da aka riga aka buga, muryar da aka fi ji tana ƙorafi ta shabakar 'yan jarida ce, wata ƙungiya da matasa suka kafa a 2008 ba ofis ba mota. In baki ya ci ido kan ji kunya, Larabawan nan ma suna da irin wannan maganar. Da gwamnatin ta faɗi a 2019, a Disamban shekarar kwamitin izalatut tamkin, wato na tumɓuke tsarin tsohuwar gwamnati, ya rushe shugabancin ittihadodin, abin da aka jingina da bango ya bi bango. Sai a Agustan 2022 'yan jarida suka yi zaɓen niƙaba da kansu, karon farko cikin shekara 33, suka zaɓi Abdulmun'im Abu Idris, wakilin kamfanin dillancin labarai na Faransa AFP. 'Yan uwanmu na Najeriya ma suna da irin wannan ciwon, ƙungiyarsu ta 'yan jarida NUJ tun 1955 take, tana da kuɗin da mambobi ke biya, amma kowa ya san yadda gwamnoni ke ba rassan jihohi bas ko su gyara musu cibiyarsu ta 'yan jarida, kuma su kansu 'yan jaridar can suna ta muhawara a kai.

Attajiri kuwa, Baba, ni ya fi ba ni tsoro a ƙaramar ƙungiya irin tamu, saboda namu ne ɗin. Gwamnati kana iya zaginta ka kwana lafiya wani lokacin, amma Alhajin da ya biya muku hayar ofis, surukin ƙaninka ne, tare kuke sallar Juma'a, ran da rikicin gona ya taso tsakaninsa da ƙananan manoma a lokacin rabon filayen damina wa zai rubuta? Ba sai ya kira kowa ba ma.

Su ma manyan ƙungiyoyin duniya ba su haɗu kan amsa ɗaya ba. CPJ, ƙungiyar kare 'yan jarida da ke New York, wadda aka kafa a 1981, ta ce ita bata karɓar kuɗin kowace gwamnati, daga gidauniyoyi da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane take samu. Ita kuwa ƙungiyar 'yan jarida marasa iyaka ta Faransa, da aka kafa a 1985, tana karɓa daga Tarayyar Turai da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, amma tana wallafa lissafinta duk shekara. Af, a taƙaice sunanta RSF ne, kuma na taɓa ganin wani ya kusa suma da ya ji an ce RSF ta taimaki wani ɗan jarida, ya ɗauka Da'amus Sari ake nufi, rundunar da yaƙin nan ya ɓarke tsakaninta da sojoji, to ba su bane, haruffa ne suka yi karo. IFJ kuma, uwar ƙungiyoyin 'yan jarida da aka kafa a Paris a 1926, ginshiƙinta kuɗin da ƙungiyoyin ƙasashe ke biya ne, tana haɗawa da kuɗin ayyuka daga masu tallafi, tana da asusun agajin 'yan jarida da ta buɗe a 1992. A Amurka ma doka ce, ƙungiyar da aka yafe wa haraji tana cike wata takarda da ake kira fom 990 duk shekara, kowa na iya dubawa a intanet ya ga abin da ya shigo har da albashin manyan shugabanni. Kaga ɗaya ta ƙi ɗaya ta karɓa, abin da ya haɗa su shi ne kowacce ta faɗa a fili.

Inda zan goyi bayanka ɗari bisa ɗari shi ne kuɗin waje ba abin dogaro bane. A Janairun 2025 da Trump ya dakatar da tallafin USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, a nan ƙasar mun gani da idonmu, takaya da yawa da ke dafa wa mutane abinci sun sauke tukwane, kafafen labarai da ke rayuwa da tallafi irin Radio Dabanga, da ke watso shiri daga Holland tun 2008, su ma sun ji a jikinsu. Mutum ɗaya ya sa hannu a Washington, wuta ta mutu a murhun Omdurman. Sannan akwai doka, dokar aikin sa kai ta 2006 ta sa ƙungiyar da ta yi rajista a mufawwadiyyar agaji, wato HAC, sai ta nemi izini kan kuɗin da zai shigo mata daga waje, kuma a wannan yanayi na yaƙi kuɗin da ba a bayyana ba yana iya jawo wa yaro zargin da ya fi ƙarfin sata nesa ba kusa ba.

Ra'ayina dai, abin da ƙungiya ba za ta rayu ba sai da shi, kuɗin intanet, kati, ɗan taimakon mamba in ya kwanta ciwo ko an yi masa rasuwa, wannan ya fito daga aljihun mambobi ko da kaɗan ne. Warsha da tafiya su zo daga waje ba laifi, in sun tsaya ba a mutu ba. Kyauta kuma daga ko waye, wali ne ko Alhaji ko Bature, a karɓa da sharaɗi ɗaya, za a karanta sunansa da adadin a gaban taro. Wanda ya ce shi dai a ɓoye sunansa don Allah ya bayar, a ce masa Allah ya saka, ga masallaci can ga marayu, ƙungiyar 'yan jarida ba wurin sadakar ɓoye bace.

TAMBAYA: Ustaz ni ne ma'ajin wata ƙungiya a Bor Sudan kuma na gaji wallahi. Bamu da asusun banki saboda rajistarmu bata kammala ba, kuɗin duk a Bankak ɗina suke shiga, sun cakuɗe da na cefanen gida, ga 'yan Saudiyya suna turo riyal ta hannun mutane ana canzawa. Ban ci ba amma in aka ce in kawo lissafi yau bazan iya ba. Ya zanyi?

AMSA: Ɗan'uwa, ka kyauta da ka faɗi gaskiya, kuma irinka sun fi ɓarayi yawa. Yau ɗin nan ka zauna ka buɗe tarihin hada hadar Bankak ɗinka, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya da littafi mai layi, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, da kwanan wata da suna. Inda ka kasa tunawa ka rubuta ban tuna ba, kar ka ƙirƙira. Daga nan ka raba gari da cakuɗawa, a samu asusun da ba a cefane da shi, ko da na wani amintacce ne da baya amfani da shi kafin rajista ta fito, kuma kar a fitar da ko jinai ɗaya sai shugaba da kai kun amince a rubuce, saƙon WhatsApp ma rubutu ne in an ajiye. Duk ish'ar da ya shigo ka tura wa sakatare a take don ya zama wuri biyu yake, ka tuna Fabrairun 2024 da network ya ɗauke gaba ɗaya mutane suka koma neman Starlink, kuma waya tana faɗawa ruwa ko a ƙwace ta a hanya.

Riyal ɗin nan kuma a nan ne ake yawan samun matsala ko da ba niyya. Farashin banki daban na kasuwa daban, na safe ma daban da na yamma. Ka rubuta riyal nawa aka turo, ran da aka canza, a kan nawa, wa ya canza. Bambancin da ke tsakani na ƙungiya ne, ba ladan wahalar ma'aji ba. In kana ganin wahalar ta yi yawa, kuma ta yi, ka nemi taro ya yanka maka kuɗin kati da na raksha a fili.

TAMBAYA: Mu 'yan ƙungiya ne mazauna Jidda da Makka, muna so mu zaga cikin 'yan uwa a Shara Mansur mu tara gudummawa mu aika wa abokan aikinmu da yaƙi ya raba da aikinsu. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, ƙannena, ku yi hattara. A Saudiyya tara gudummawa daga jama'a ba tare da lasisi ba laifi ne, hukuma ta sha gargaɗi a kai, kuma wanda ke zaune da iƙama ya san abin da ƙaramin laifi ke jawowa. Hanyoyin da suka yarda da su nasu ne, irin manhajar Ihsan da aka buɗe a 2021, da Sahim ta cibiyar agaji ta Sarki Salman wadda ta buɗe kamfen ɗin taimakon Sudan a Mayun 2023. Ku bar zagayawa da takarda da sanya lambar asusu a guruf. Kowannenku ya aika nasa ishtirakin da abin da ya sawwaƙa daga aljihunsa, da sunansa, ta hanyar aike da aka sani, ya kuma ce ma'aji ya turo masa shaidar ya karɓa. In ma'ajin naku shi ne na Bor Sudan ɗin da ke sama, ku ɗan ba shi mako biyu ya gama da littafinsa tukuna.